Rabon Kakata a Ganuwa

Shekaranjiya ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a Kebbe, sai warin makuba ya tare ni a wani lungu. Wani dattijo ne yake yaɓe rumbunsa, ya jiƙa ɓawon ɗorawa a tsohuwar randa har ruwan ya yi baƙi ƙirin. In ba ka tashi inda ake ginin ƙasa ba, ba za ka so warin nan ba. Ni kuwa sai da na kashe babur na tsaya. Dattijon ya yi ta harara ta, na ga alama ya ɗauka wani abu na zo aunawa. Ban ga laifinsa ba. Ni ma haka nake kallon duk baƙon da ya tsaya yana yaba gini, kuma a wurin kakata na gaji wannan hali.

A Tambuwal na tashi, a wata unguwa ta gefen gari. Bayan gidanmu akwai fili, a ƙarshen filin kuma akwai guntun ganuwa da ya ɗara mutum tsayi, tsawonsa kamar zaure biyu a jere. Sauran katangar duk ta zube tun ba a haife ni ba, mutane sun kwashe ƙasar sun yi tubali. Wannan guntun kaɗai ya rage, kuma mace ɗaya ta hana shi faɗuwa. A zamanin da, in ji kakata, kowane gida da rabonsa a jikin ganuwa. Daga nan zuwa nan naku ne, in ya tsage ku za ku yaɓe, in ya faɗi ku za a yi wa dariya. Mahaifinta bai bar ɗa namiji ba, da ciwon ajali ya kama shi ita ya damƙa wa. Kakana ya riƙa yi mata har Allah ya karɓi ransa, daga nan ta ɗaure zani ta kama da kanta. Duk bazara, da zarar hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ta jiƙa makuba, ta sa a kwaɓa mata ƙasa da ciyawa, ta hau turmi tana danna laka da tafin hannu. Mutane na wucewa suna cewa tsohuwa tana tsare gari daga mayaƙan da suka mutu tuntuni. Ko a jikinta.

To, mu yaran unguwa, ganuwar nan ita ce ragarmu. Da gawayi muka zana gida a jikinta, kuma ni ne gola. Ka ga ke nan duk ƙwallon da ta wuce ni, a jikin amanar kakata take sauka, sai ka ji dim, ƙasa ta zubo. Kafin mu gama ihun an ci, ta fito da muciya.

"Wanga miji nau bai da amfani," in ji ta, don haka take tsokana ta. "Kai ka tsaron gida ko kai ka buɗe musu ƙofa?"

In ƙwallo ta faɗo kusa da ita kuwa, shi ke nan, ta tafi. Inda take kai su babu wanda ya sani. Abokaina sun sha cewa in binciko, na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan randa, ban ga ko ɗaya ba. Gaskiya a lokacin haushinta nake ji, don ni ake yi wa gori a fili.

Wata rana bayan an gama kai amfanin gona gida, sai ga mota ta tsaya a bakin filin. Mutane suka fito da igiyar awo da wasu turaku masu jan kai. Babbansu, wani mai farar shadda da taushin murya, ya tsaya gaban ganuwa ya riƙe baki, ya ce wannan tarihi ne, aikin magabata ne da hannu bai taɓa ba tun ranar da suka ɗaga shi.

"Magabata?" in ji kakata. "Ɗan nan, bana ma da hannun ga niy yaɓe shi."

Suka yi dariya irin wadda ake yi wa tsofaffi. Ya durƙusa ya gaishe ta har ƙasa, ya ce ta huta, daga yau ganuwa ta samu masu kula da ita. Za a killace ta, za a yi shaguna na zamani a gefe don gari ya ci gaba, yara kuma za a yi musu sabon fili a hanyar Dogon Daji, da turakun ƙarfe da raga ta gaske. Mu dai da muka ji raga ta gaske, sai tsalle. Babana ma ya ji daɗi, ya ce ko ba komai uwarsa ta daina hawa turmi.

Ita kuwa sai da muka zauna cin tuwo ta yi magana. "Kun lura da igiyarsu? Mai son bango, bango shika auna. Waɗanga sun auna gaba, sun auna baya, sun bi ta kai awa babu shi."

"Haba Inna, ke kowa ɓarawo ne a wurinki," in ji babana.

"Ragon da anka ware anka fara ba dusa, ba ƙaunatai aka yi ba."

Babana ya ci gaba da cin tuwonsa, ba don ya yarda ba. Ai mun san halinta. Matar da ko maganin asibiti sai ta sansana kafin ta sha, wa zai biye mata?

Ba a jima ba aka zagaye ganuwa da shingen waya, aka sa ƙofa da kwaɗo, aka kafa allo mai cewa an hana taɓawa. Aka kawo maigadi, wani siririn dattijo mutumin Fakku mai carbi da rediyo, ba ya dariya da kowa. Mu muka ci gaba da wasanmu, sai dai yanzu takalma muke ajiyewa a gaban waya a matsayin gida. Da bazara ta kama, kakata ta jiƙa makubarta kamar kullum, ta sa aka kwaɓa ƙasa, ta ɗauko a kwando. Maigadi ya miƙe ya ce ta yi haƙuri, doka ce. Ta nuna masa tsagar da ta sauko daga sama har wajen ƙugu, ta ce ruwan fari in ya shiga nan an gama. Ya ce ya gani, amma shi abincinsa yake tsaro. Ina tsaye na ga ta zura hannu ta ramin waya da curin laka, ta miƙa iya ƙarfinta, saura kamar kamu ɗaya. Lakar ta faɗi ƙasa. Ranar ba ta tsokane ni ba, kuma ban taɓa jin tausayinta irin na wannan yammacin ba.

Washegari ta ce in tara mata abokaina. Suka zo suna raɓe-raɓe, kowa na shirin gudu. Sai ta sa aka buɗe tsohon rumbun da muka ɗauka babu komai a ciki, ƙwallayenmu suka yi ta zubowa, wasu sun sace, wasu ɓera ya huda. Babu wanda ya taɓa ko ɗaya. Muka kalli juna, kowa na tunanin wane tarko ne wannan.

"Ku ɗauki masu rai," ta ce. "Amma daga yau sama nika son ku buga. Ku tsallake waya."

Matattun kuwa ta tsaga su da wuƙa, ta cika cikinsu da laka. Dabarar ke nan. Wani zai narka ƙwallo ta faɗa cikin shinge, ni gola in je in roƙi maigadi ya buɗe mini in ɗauko, alhali a ƙarƙashin rigata akwai matacciyar ƙwallo cike da laka, cikina ya yi tulu kamar na mai ciwon saifa. Da na shiga sai in zaga inda tsagar take in yi ta dannawa. Ita tana zaune a waje kan tabarma, wai tana tsinar wake, tana magana ba ta ɗaga kai ba: "Sama kaɗan. Danna da tafi, ɗan banza, ba mai aka shafa ba."

Ni dai na tabbata maigadin nan ɗan rahoto ne. Yakan buɗe ƙofa, ya juya baya, ya ƙara wa rediyo murya. Na ce wannan so yake mu saki jiki ya kama mu da hujja. Ran nan ina fitowa, hannuna duk laka har gwiwa, sai ya riƙe ƙofar bai sake ba. Na ce yau kashina ya bushe. Bai ko dube ni ba, ya ce, "Gobe ku buga ta yamma. Can ma ta fara buɗe baki."

Haka muka yi har ruwa ya sauka. Mun zama abin dariya a gari, don da 'yan Sanyinna suka zo wasa sun yi mana ci kamar ba gobe, 'yan gabanmu sun saba harba sama. Amma damina ta zo ta wuce, ganuwa na tsaye. Kakata ta dafa mana dambu a babbar tukunya, ta ce ashe mijin nata yana da ɗan amfani.

Da kaka ta yi, mai farar shadda ya dawo. Ya zaga shingen a hankali, ya tsaya daidai inda sabon yaɓe yake, ya daɗe yana kallo. Na sa ran ko zai yi faɗa an taɓa tarihi, ko ya yi murna yana nan. Bai yi ko ɗaya ba. Fuskarsa irin ta mutumin da ya zo gaisuwar rasuwa ya tarar da maras lafiya zaune yana shan fura. Kakata ma ta gani, ta dafa kaina kawai.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Aka sallami dattijon Fakku, aka kawo wani saurayi. Aka buɗe sabon fili da kiɗa da riguna masu lamba, kuma ba zan ɓoye maka ba, filin ya yi kyau, mun ji daɗinsa. Kafin mu ankara an haƙa harsashi a tsohon namu. Babu fili, babu ƙwallon da za ta faɗa shinge, babu dalilin buɗe ƙofa. Da shagunan suka tashi, kakata ta ja ni ta nuna mini indararonsu. Duk na layin baya bakinsu na kallon ganuwa. Babana ya je ya yi magana, aka ce kuskuren magina ne, za a gyara. Har yau ba ni da shaidar da zan kai gaban alƙali cewa da gangan aka yi. Amma kai ma ka faɗa mini, wa yake juya indararo kan abin da yake adanawa?

Damina ɗaya ganuwar ta jure. A ta biyu, wata la'asar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka ji wani gum da ya girgiza kwanukan ɗaki. Kakata na kan dardumar salla. Ba ta tambayi ko mene ne ba. Ta yi salati, sannan ta ce, "Na kowa ya faɗi tun da daɗewa, ban yi musu dariya ba. Amma Baba ni yab ba." Washegari ta kyautar da randar makuba. Ta ƙara shekaru a duniya bayan haka, amma ba ta sake bi ta bayan gida ba, ko biki za ta sai ta zaga ta gaba.

Baraguzan ba su yi mako ba aka kwashe, wai don kada su danne wani. Layin shaguna ya miƙe ya bi ta wurin, daidai inda igiyar awo ta bi tun ranar farko. Kusurwar yamma kaɗai ta tsira, ba ta fi girman rumbu ba, sai a lokacin aka yi mata rumfar kwano aka sake fentin allo.

Da Sallar da ta wuce na je gida, na kai 'yata wurin. Yanzu tsakanin mai cajin waya da mai sayar da taya take. Yaran unguwar ba su san an taɓa wasa a nan ba, ƙwallonsu a gidan kallo take, sabon filin ma na ga an fara kafa masa turaku masu jan kai a gefe. Muka tarar da wani matashi mai kati a wuya yana yi wa ɗalibai bayani. Ya nuna musu wasu sawun yatsu a jikin yaɓen, ya ce su duba da kyau, hannun magabata ne da suka gina ganuwar. Wata yarinya ta ce, Malam, ai hannun ƙarami ne. Ya ce mutanen da tun suna yara suke aiki.

Na san yatsun nan. Har da ɗan karkacewar ƙaramin, wanda ƙwallo ta taɓa targaɗa mini. Maganar ta zo mini har baki, 'yata ma ta ɗago tana kallona don ta san labarin. Sai na dubi mai tayar, na ga kayansa sun riga sun cika har jikin waya, yana neman wurin ƙari. In suka ji hannun wani gola ne da ke tsaye a gabansu da ransa, gobe ba tarihi ba ne, shago ne. Na matse hannun yarinyar, na cusa nawa a aljihu, na ce wa matashin, "Allah ya jiƙan magabata."