Ranar da Yaya Ya Ce Lafiyata Ƙalau

Yayana ne ya so ya gurgunta ni da bakinsa, a gaban likita, ina zaune ina kallo. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekara huɗu kawai ya ba ni, amma tun muna yara a unguwar Madabo shi ke magana, ni ke gyaɗa kai. Ko ranar neman aurena shi ya yi ta zuba, ni ina kallon tabarma.

Sana'ata wankin hula. Shekara talatin ina tsugune a gindin Dala, in wanke, in sa sitati, in kafa a gungume in buga. Daga baya gwiwar dama ta ce ta gaji. Aikin na iya jurewa a kan ɗan benci. Abin da ya ci mini rai shi ne sallah: na koma kujerar roba a ƙarshen sahu, tare da tsofaffin da suka haife ni, goshina ya yi wata takwas bai taɓa ƙasa ba. Ga ciwon suga, ga jijiyar zuciya da ta taɓa toshewa har aka ɗora ni a kan ƙwayar tsinka jini. A cikin hulata nake ajiye ƙwayoyin, don ita kaɗai ce ba na mantawa.

Wata safiya Yaya ya faɗo mini da labari daga majalisarsu.

"Kai, an samo maganinka. Jininka za a ɗiba, a kaɗa shi a inji kamar nono, a kwashe man, a mayar maka a gwiwa. Naka ne, naka ba ya cutar da kai."

Na ce to. A hanyar asibiti ma sai da ya tsayar da mai adaidaita ya saya mini kunun gyaɗa, suga har ƙasan kofi, wai don jinin ya yi kauri. Na shanye. Kunun ya yi daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Likitan ɗan saurayi ne, na haife shi. Ya latsa gwiwar, ya ɗauki biro.

"Baba, ban da wannan akwai wani ciwo? Kana shan wani magani?"

Na buɗe baki ke nan Yaya ya dafa mini gwiwar mai lafiya.

"Lafiyarsa ƙalau, likita. Mu gidanmu ba ma ciwo. Mahaifinmu ya haura tamanin yana hawa Dala da ƙafarsa."

Likita ya dube ni. Ni kuwa na gyaɗa kai. To ya zan yi? A ina aka taɓa ƙaryata babban wa a gaban baƙo? Shi a wurinsa faɗin ciwon gida tonon asiri ne, kuma yana tsoron a ce mu koma.

Wata nas ta zo ta ɗebi jinin a hannuna, ta danna auduga. Auduga ta jiƙe. Ta sake wata, ita ma ta jiƙe. Ta uku ce ta ɗiga a kan farar shaddar Yaya, kuma wallahi duk da halin da nake ciki sai da na ji sanyi a raina. Gumi ya karyo mini, na cire hula zan yi fifita, sai ƙwayoyina suka zubo a gaban takalminta. Ta ɗauka, ta karanta sunan da ke bayan takardar ƙwayoyin, ta ƙwala wa likita kira.

Likita ya duba, ya ce wa Yaya, "Alhaji, ɗan ba mu wuri."

Tun da uwarmu ta haife mu ban taɓa ganin an fitar da Yaya daga ɗaki ba. Ya fita yana goge shadda.

Nan na faɗi komai, har da kunun. Aka gwada suga, ya yi sama kamar shirwa. Likita ya ce, "Baba, jininka ne, gaskiya, amma allura allura ce. Mai shan wannan ƙwayar jini na iya taruwa masa a gwiwa, mai sugan da ya hau kuma wurin na iya ruruwa. Ban ce ba za a yi maka ba. Yau ce dai ba za a yi ba." Ya rubuta wa likitan zuciyata takarda, ya ja mini kunne kada in kuskura in daina shan ƙwayar da kaina.

Sai da aka yi makonni ana aune-aune, suga ya sauka, likitocin biyu suka daidaita, sannan aka yi. Ni kaɗai na je. Gwiwar ba ta koma ta saurayi ba, har yanzu tana ƙara kamar tsohon ƙyaure, amma na bar wa tsofaffi kujerarsu. Ranar da goshina ya taɓa darduma, sai da liman ya ɗago da daɗewa sannan na ɗago.

Sai kuma na ji Yaya na ba da labari a majalisa wai shi ya warkar da ni. Ban tanka a cikin mutane ba, ban lalace haka ba. Na bari bayan la'asar, na kai masa hulunansa shida da na wanke, na same shi shi kaɗai a zaure. Na durƙusa a kan gwiwar, don ya gani.

Na ce, "Yaya, ga hulunanka. Gonar gado, kai ne bakina. Auren 'ya'yana, kai ne bakina. In na mutu ma kai za ka ce inda za a haƙa. Amma gaban likita, in ka sake raka ni, a waje za ka zauna ka riƙe mini takalmi. Sugan nan a jikina yake, ba a jikin Baba mai hawa Dala ba."