Ranar da Na Rantse Ban San Aminina Ba

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da wata ranar Laraba ba, ranar da na dubi baƙo ido cikin ido na rantse masa cewa ban taɓa jin sunan aminina ba. Mutumin da muka yi kiwo tare muna yara, wanda shi ne babban abokina ranar aurena. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, alhali a ranar ji nake yi duk Jibiya babu mai wayona.

Sana'ata facin taya ce. Rumfata tana bakin titi, ba nisa da shingen kan iyaka, don haka duk babur ɗin da zai shiga Nijar ko ya fito sai ya wuce ta gabana. Duk wanda ya zauna a bakin iyaka ya san ƙa'idarmu, ba a rubuce take ba amma kowa ya haddace ta: in baƙo ya tambaye ka gidan wane, to ba ka san shi ba. Dalili kuwa a fili yake. Da wuya ka sami gidan da babu wanda ya taɓa tsallakawa da jarkar mai ko buhun shinkafa ta bayan gari. Ni kuma a lokacin ina taƙama da cewa daga tayar mutum nake gane ko wane ne shi, kuma in faɗi gaskiya na cika baki da wannan ba kaɗan ba.

Aminin nawa shi ma ya yi harkar jarka a da. Ya bari ne bayan ƙanwarsa ta rasu a kan amalanke, ana ƙoƙarin kawo ta asibiti tana naƙuda. Daga nan ya tara 'yan acaɓa 'yan'uwansa suka kafa ƙungiya. Duk macen da haihuwa ta zo wa da gardama a ƙauyukan Riko, Gangara ko Kusa, a kira su kawai, su je su ɗauko ta kyauta. Sai dai babur ba abin ɗaukar mai naƙuda ba ne. A tsakiya ake sa ta, wata tsohuwa ta riƙe ta ta baya, a yi ta faɗawa ramuka. Burinsa duk duniya shi ne su sami keke mai ƙafa uku, irin wanda ake shimfiɗa katifa a bayansa.

Wata rana ya gaya mini ya kai takarda wata gidauniyar al'umma a Katsina. Ya ce 'yan kasuwa ne da ma'aikata 'yan asalin yankinmu suke zuba sadakarsu wuri ɗaya, maimakon kowa ya raba tasa a ƙofar gida, sai gidauniyar ta duba ƙananan ƙungiyoyi masu aiki ta tallafa musu. A shekarar kekuna irin wanda yake mafarki za ta bayar. Dariya na yi har da riƙe ciki. Na ce masa irin waɗannan mun gan su da yawa, hoto suke ɗauka su je su ci abinci da shi. Wata huɗu suka wuce shiru, har na manta da zancen gaba ɗaya.

Sai ranar Larabar nan, wajen hantsi, wani mutum ya tsaya a rumfata da babur ya ce in ƙara masa iska. Ina durƙusawa na ga taya sabuwa fil, babu ko ƙaya ɗaya a jikinta. Na saci kallon ƙafarsa, baƙin takalmi sau-ciki da safa, a wannan zafin. Ga ɗan littafi yana leƙowa daga aljihun gaba. Hausarsa kuma ta birni. Tun kafin ya buɗe baki na riga na yanke masa hukunci.

Ya ce, "Malam, don Allah ko ka san wani bawan Allah a nan?" Sai ya ambaci cikakken sunan aminina, har da na mahaifinsa. Nan zargina ya ƙaru, domin duk garin da laƙabi ake kiransa. Wannan sunan sai a takardar hukuma.

Na ce, "Mi ya yi?"

Ya ce, "Bai yi komai ba. An ce yana da ƙungiyar masu babura. Ina so in san babura nawa gare su, wace hanya suka fi bi, kuma wane lokaci suka fi fita."

Ku gaya mini, jama'a, wa ke yin irin waɗannan tambayoyi a bakin iyaka in ba ɗan leƙen asiri ba? Na miƙe na goge hannuna a tsumma, na ce, "Yallaɓai, shekarata ashirin wurin ga, wallahi ban taɓa jin sunan ga ba. Ƙungiya kuwa, in ba ta 'yan ƙwallo ba, babu wata." Ya ciro littafin ya rubuta wani abu, ya yi godiya ya nufi tasha.

Ko kwanar titi bai kai ba na ciro waya. Na kira mai shayin tasha, na kira mai sayar da katin waya, na kira shugaban 'yan dako. Magana ɗaya na gaya wa kowa: ga mai baƙin takalmi nan tafe, a rufe baki. Kafin ya kashe babur ɗinsa, duk tasha ta zama ba ta san kowa ba. Daga baya na ji har wata mai ƙosai ya tambaya, ita da aminina da kansa ya ɗauko daga Kusa ranar da ta haifi yarinyar da take goye da ita. Ta ce masa ita baƙuwa ce, jiya ta zo garin. Da aka ba ni labarin har tafa mata na yi.

Ban tsaya nan ba. Na kira aminina na ce maganar tsohuwar harkarsa ce ta taso, ya bar gari yanzu. Ya ce ai shi ya daɗe da tuba. Na ce, "Takarda ba ta san tuba ba, kai dai tahi." Ya kashe waya ya tsallaka wajen kawunsa a ɓangaren Nijar, ya yi kwana huɗu. Ɗan allon ƙungiyar da ke jikin shagon da suke taruwa kuwa, ni da hannuna na ɓamɓare shi na tura ƙarƙashin tsofaffin tayoyi. Da baƙon ya dawo ta gabana bayan la'asar, fuskarsa duk ta yi gumi, har hannu na ɗaga masa. Na yi mako uku ina ba da labarin yadda na ceci mutum.

Ranar da aminina ya zo da takarda a hannu, tun daga tafiyarsa na san ba lafiya. Ya zauna a kan benci ya karanta mini a hankali. Gidauniya ce take ba shi haƙuri. Ta ce ta turo mai bincike, ya yini a gari, ya tambayi mutane da dama, babu wanda ya san shi ko ƙungiyarsa, babu allo, kuma wayarsa a kashe.

Ko a nan ban sauko ba. Na ce dabara ce, sun rasa shi a gari suna so ya kai kansa. Ya ninke takardar ya ce, "To taho mu tahi tare, in kamu ne a kama mu biyu." Na bi shi Katsina ne ba don na yarda ba, sai don in ga ƙarshen makircin. Har na bar wa maiɗakina sallahu, in ba ta gan ni da magariba ba ta sanar da yayana.

Ofishin ɗan ɗaki biyu ne, da fanka mai ƙara. Muna shiga na yi ido huɗu da mutumin, yana zaune a bayan tebur. Ya gane ni nan take. Ya ce, "A'a, mai faci! Ai kai ne ka rantse." Na rasa inda zan sa fuskata.

Wata dattijuwa ce shugabarsu, tsohuwar malamar asibiti. Ita ta zaunar da mu. Da na gama kame-kamena, sai ta ce, "Malam, kana ganin ku kaɗai kuka iya zargi? Mu ma a kansa muke kwana. Abin da ke hannunmu amanar mutane ce, akwai mai sayar da goro da yake kawo nasa duk wata. Mun sha ba ƙungiya kaya, daga baya mu tarar allo ne kawai da mutum ɗaya. Shi ya sa ba ma sanar da zuwanmu, kuma ba ma tambayar shugabanni. Maƙwabta muke tambaya, don mun ɗauka su ba su da dalilin yi mana ƙarya."

Na ce, "Hajiya, mi ya hana shi ce daga gidauniya yake?"

Mutumin ya ce, "In na faɗa, kowa zai yabe shi ko bai san shi ba. Kai kuma ba ka tambaye ni daga ina nake ba."

Gaskiya ya faɗa, ban tambaya ba. Aminina ya yi ta roƙo. Dattijuwar ta ce kekuna biyu ne, kuma an riga an miƙa su ga wasu ƙungiyoyi, ba za ta ƙwace daga hannun mai haƙƙi ba. Sai dai a sake dubawa bayan kaka. Ta kuma ce daga yau za su riƙa haɗa mai bincikensu da wani ɗan gari a garuruwan iyaka, don su ma sun ga nasu kuskuren. A mota muna dawowa, aminina ya juya fuskarsa ga taga har muka iso Jibiya. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Tsakaninmu da kaka akwai damina, kuma a cikinta ne abin da ya fi ci mini rai ya faru. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, sai ga aminina yana turo babur a guje, tayar baya a sace, laka har gwiwarsa. Ya ɗauko wata mata mai naƙuda daga wani ƙauyen Gangara, ramukan hanya suka fasa tayar saboda nauyin mutum uku. A kan tayar da ta sace ya lallaɓo da su har kusa da rumfata. Surukarta ta kwantar da ita a kan kwali a inuwata, tana nishi tana kiran sunan Allah. Titi ba kowa, ruwan ya hana motoci fitowa. Ban taɓa yin faci da sauri kamar na ranar ba. Tsohuwar tana ta cewa, "Yi sauri ɗana, yi sauri don Allah." Ba ta san da wa take magana ba.

Sun isa asibiti. Matar ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ban sani ba ko da keke ne da ya rayu, wannan Allah kaɗai ya sani, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayar ma'aikatan asibitin ba. Da yamma aminina ya biyo ta rumfata ya tarar da ni zaune ban taɓa abincina ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kwana ne ya ƙare. Kai don ni ka yi, na sani." Nan na fashe da kuka, ni da furfurata, a gaban mutane.

Bayan kaka sun sami keken, kuma ni nake duba tayoyinsa har yau. Amma hakan bai mayar da waccan damina ba.

Ban ce a daina taka-tsantsan ba, wanda ke zaune a bakin iyaka bai isa ya daina ba. Abin da na koya shi ne zargi ba ilimi ba ne, ko da ya yi kama da shi. Na ɗauka ina kare mutum ɗaya, ashe ina tare hanyar alherin da wasu suka tara domin matan da ban ma san fuskokinsu ba. Tun daga lokacin, kafin in rufe wa baƙo ƙofa sai na tambaye shi daga ina yake da abin da ya kawo shi, kuma ban ƙara sa sunan Allah a kan abin da na san ƙarya ne ba, ko don wa.