Butar Gwaggo

Jiya a wurin suna a unguwar Banifandou aka miƙo mini buta da sabulu, sai ƙanshin ya tuna mini da Gwaggo. Shekara uku ke nan da rasuwarta.

Lokacin kwalara, bironmu, wato ofishinmu na unguwar Plateau, ya aike ni wayar da kan mata. Na tara su a tsakar gidan Gwaggo, na ɗaga hoto mai rubutun Faransanci, na ce ƙazantarsu ce ke kashe 'ya'yansu. Suka gyara lulluɓi suka miƙe, har da wadda ta rasa ɗanta a makon.

Gwaggo ko kallona ba ta yi ba. Ta sauke dambun zogale yana tururi, ta ce, "Ku zauna, abinci ya nuna." Ta ture kwanon ruwan da kowa ke tsoma hannu, ta miƙa wa matar nan da ta rasa ɗa buta da sabulu. "Zuba mini, ɗiyata. Hannuna ya fi na kowa dauɗa."

Duk suka wanke. A rahotona na rubuta cewa ni na shawo kansu, ban ko ambace ta ba.

Allah Ya lulluɓe ki da rahama, Gwaggo, ni kuma Ya yafe mini.