Dutsen Niƙan Kaka da Idon Kawu Idi

A ƙauyenmu na gefen Buza duwatsu sun yi yawa, amma duk masu gari ne, ka yi niƙa a kansu ka ci tuwo da tsakuwa. Na kakata kaɗai ya fita daban: toka-toka, da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Daga kudu uwarta ta zo da shi bisa raƙumi.

Shekarar da hatsi ya ƙi, Kawu Idi, autanta, ya dawo daga cin rani da labarin zinariya a baki. Kullum sai ya tsuguna gaban dutsen yana kankarar ɗigon da farce. Kaka ba ta yarda da wannan tsuguno ba ko kaɗan.

Ran nan bayan tuwo muna bakin murhu, ta ce, "Ga ta nan ta taho, mai kunne shi matso." Mu take wa magana, amma idonta na kan Kawu.

Wai wutar ƙarƙashin ƙasa tana da ɗiya biyu. Ƙaramar mai gaggawa ce, ta fasa ƙasa ta fito, iska ya daskarar da ita nan take, ta zama baƙin dutse duk huji. Babbar ta zauna can ciki, tana hucewa sannu-sannu shekaru aru-aru, har ƙwayoyinta suka girma, kowace ta riƙe ƴar'uwarta gam. Sai da ruwa ya kwashe ƙasar bisanta aka gan ta.

"Ƙyallin ga da kuka gani, sauran wuta na," in ji Kaka. "Wanda duk ya hwasa, ba shi samun komi. Idi, ka jiya?"

"Haba Inna, ni mi na ce?"

"Bakinka bai ce ba. Tatsuniya ta koma gida."

Ranar da Kaka ta tafi bikin suna garin Tama, Kawu ya ɗauko guduma ya fasa dutsen. Wallahi ciki da waje duk ɗaya, ko ƙwayar zinariya babu. Da ta dawo ba ta zage shi ba. Ta tsinci ɓallin guda ta ƙulle a bakin zane, kuma ba ta sake yi mana tatsuniyar nan ba.

Da na shiga makarantar lise a Tawa, malaminmu da muke kira mushe ya miƙo mini irin dutsen, ya ce garanit ne, narkakken dutse da ya huce a hankali cikin ƙasa. Ƴan aji suna rubutu, ni kuwa haushin Kawu ya taso mini sabo fil. Har Kaka ta rasu, a dutsen maƙwabta take niƙa, muna tauna tsakuwa.