Baƙar Motar da Na Kushe

Ni mai faci ne. A Gwallaga nake, bakin titi, ƙarƙashin rumfar kwano, tun ina da gashi a ka. Ban yi boko ba. Lambar da ke jikin taya kaɗai na iya karantawa, sauran tafin hannuna ke gaya mini.

Da na yi ɗan gini a Tirwun na kwashe iyalina can, damina ɗaya ta nuna mini babur ba zai yi ba. Hanyar gidan laka ce. Sau biyu muna faɗuwa da matata. Na sayar da babur ɗin da saniyar da na ba da kiwo, na haɗa da abin da na daɗe ina ɓoyewa. Mota nake so, ta hannu, mai ja da ƙafa huɗu, ƙarama mai gudu. Na gaji da durƙusa wa irinsu. Ina so in zauna a cikin ɗaya.

Na ɗauki ɗan kawuna ya raka ni wurin wani dillali a wajen Ƙofar Wambai. Taubashina ne, wasa muke yi tun muna yara. Hatsi yake sayarwa, ya fi ni kuɗi, bai san komai game da mota ba.

Guda biyu muka tarar irin wadda nake nema. Ɗaya 'yar Japan, ruwan toka, an taɓa buge ta a baya aka shafa mata fentin da bai dace ba. Ɗayar 'yar Jamus, baƙa wuluk, ƙasa-ƙasa, kujerun fata. Kuɗina ya kai na tokar har da ragowa. Baƙar kuwa sai an yi mini ragi.

Dillali ya tayar da baƙar. A ƙirjina na ji ƙarar injin. Nan take na san ita ce.

To, kowa ya san yadda muke ciniki. Abin da kake so shi kake kushewa. Na zagaya ta ina yatsina fuska.

"Malam, wannan ai mai za ta riƙa sha kamar ana zuba wa yashi ruwa," na ce. "Kayan gyaranta sai Legas. Ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara."

"Maigida, faɗi naka dai," in ji dillali.

Na faɗa. Ya ce albarka. Na ƙara kaɗan. Ya ce albarka.

"Na fasa," na ce, na juya.

A hankali na riƙa tafiya. A sanina, kafin mutum ya kai bakin kwalbati ake kiransa. Na kai kwalbati. Na tsallaka titi. Na tsaya wurin mai rake na sayi raken da ba na sha'awa, na shanye shi a tsaye. Ba wanda ya kira ni. Sai a lokacin na lura ɗan kawun nawa bai biyo ni ba.

Da na dawo, makullin baƙar na hannunsa.

"Kai ka ce ka fasa, a gaban mutane," ya ce. "Na tambayi malam ko ciniki ya mutu, ya ce ya mutu. Ban hau cinikinka ba. Ko na hau?"

Bai hau ba. Ko gaban limami aka je, shi ke da gaskiya. Na biya kuɗin tokar na ja ta zuwa gida.

Tokar ba ta taɓa yi mini laifi ba. Laka ba ta riƙe ta, da safe bugu ɗaya take tashi. Matata tana sa mata albarka. Ni dai ban taɓa waiwayawa na kalle ta ba bayan na kulle ƙofa.

Shi kuma kullum ta gaban rumfata yake wucewa, ya danna ham sau biyu. Wani lokaci ya tsaya.

"Sarkin iska, a duba ƙafafun gimbiya."

Sai in durƙusa. Ina ganin fuskata a jikin fentin, shi yana ciki yana shan sanyi. Har buhun masara yake ɗorawa a kujerun fatar nan. Ranar da na ga haka ban ci abincin rana ba.

Bayan damina ta biyu ƙarfe ya yaga masa tayar gaba daga gefe, wurin da faci ba ya kamawa. Ya zo da wata ta hannu da ya samo da araha, ya jefar a gabana. Na duba lambar. Ba ɗaya ba ce da sauran ukun, ta fi su tsawo.

Motar da ke ja da ƙafa huɗu ba ta yafe wannan. In taya ɗaya ta fi sauran, giyar da ke raba musu ƙarfi sai ta riƙa cin kanta a ɓoye. Ba ranar ba, ba satin ba. Wata rana kawai za ta tsaya, kuma gyaran ya fi ƙarfin mai hatsi. Na sani. Shi bai sani ba. Ba kuma wanda zai ce laifina ne, shi ya kawo abinsa.

Na sa jak na ɗaga ta. Na cire yagaggiyar, na ɗora wadda ya kawo. Noti biyar ne. Na ɗaure ɗaya, na ɗaure biyu. A raina har na hango ta a gareji, ƙarƙashin bishiya, kaji na kwana a ƙasanta, shi kuma yana tsayar da ni a hanya in rage masa tafiya. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

"Ka yi sauri, tsoho," ya ce. "Ko hannun ma hassada yake yi?"

Na ɗaure na huɗu. Da zan miƙe in ɗauko na biyar, na dafa jikinta. Da ɗumi, injin bai huce ba. Na daɗe a haka.

Na koma na kwance notin duka.

"Lafiya?"

"Mayar musu da wannan. Ka nemo mai lambar sauran, wadda ta cinye daidai da su. In babu, ka sayi huɗu."

"Huɗu? So kake ka tsiyata ni."

"In ka sa wannan, ka kashe ta."

Ya kalle ni, ya ga ba wasan taubashi ba ne. Ya hau keke ya tafi, ya bar mini ita a kan jak har la'asar. Na goge mata ƙura da rigata. Ba wanda ya gani.

Da ya dawo da tayar da ta dace na ɗaura, sai ya miƙo mini makulli.

"Zagaya da ita mana, ɗan gwaggo. Ko zuwa Tirwun ne."

Na ce hannuna da baƙin mai.

Har yau ban shiga cikinta ba. Duk Juma'a yana kawo ta, ina auna iskar tayoyin huɗu su zo daidai. Kuɗin aikina kuwa cif nake karɓa, ba na yi masa ragi.