Burauzar da Ke Tuna Masa

A shagon gyaran kwamfuta wani dattijo na zaune a bakin benci, ya rungume laftof ɗinsa kamar mai jinyar yaro. Tabaraunsa ɗaure yake da zare.

Mai gyara ya ce, "Baba, tsohuwar burauzar nan da kake shiga intanet da ita ce ke cinye ƙarfin na'urar. Akwai sabuwa marar nauyi, kafin ka ƙifta ido ta buɗe."

"Za ta tuna lambobin sirrina?"

"A'a, sai ka sake shigar da su da kanka."

Nan fuskar dattijon ta sauya. Da alama ko ɗaya bai haddace ba, daga na shafin asibiti har na saƙon 'ya'yansa. Mai gyara ya kai hannu zai danna, dattijon ya damƙe masa wuyan hannu.

"Bar ta da nauyinta, ɗana. Mai ɗakina ce ta saka su. Tun rasuwarta, wannan kaɗai ta san hanyar shiga."

"Ran da ta ƙi buɗewa fa, Baba?"

Dattijon ya mai da idonsa kan laftof ɗin. Yana kallon 'yar da'irar da ke juyawa a allo, leɓɓansa na motsi.