Muryar Maigidana a Bayan Layi

Ku gyara zama, manya da yara, ku ara mini kunnuwanku. Ni ban yi boko ba. Jikata ce ke riƙe da waya tana rubuta abin da nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya.

Shekarun baya, kafin maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗanmu ya zaunar da shi a ƙofar gida ya ɗauki muryarsa a waya. An haifi maigidan nan a gungu, wato tsibirin da ruwa ya cinye sa'ad da aka datse kogi. Cikin tsararsa shi kaɗai ya rage wanda zai tsayar da filafilin tuƙa jirgi a tsakiyar tafki ya ce, nan ƙarƙashinmu masallaci yake, can rumbuna, can makabarta. To ranar ya zayyano garin kakaf, gida gida da sunan masu shi, har inda aka binne mahaifiyarsa. Yana yi yana tari, yana yi mini tsiya wai ina katse shi da maganar tuwo.

Bayan rasuwarsa wayar ta zauna a hannuna. Wata rana ina wanki a bakin ruwa ta suɓuce ta faɗa. Waya ta mutu. Maƙwabcina ya buɗe ta ya ciro wani ɗan abu kamar farcen jariri, ya ce sunansa memori, muryar tana ciki, in hanzarta in kai wa masu tura fina-finai su juye ta. Na ƙulle shi a bakin zane, ƙulli kan ƙulli, na riƙe gam kamar mai ɗauke da ƙwai. Ranar kasuwar Wara na shiga jirgin ruwa.

Na sami shagon. Mai shi sa'an ɗana ne, yana zaune gaban kwamfuta, igiyoyi sun fito mata ta ko'ina kamar gashin bakin tarwaɗa. Ba kowa a gabana. Na kwance ƙullina na faɗa masa abin da ke ciki.

Ya jujjuya shi ya ce, "Inna, wannan ya sha ruwa, ransa a maƙogwaro yake. In ya buɗe yanzu, ban ce zai sake buɗewa ba."

Ku riƙe wannan magana. Da bakinsa ya faɗe ta.

Ya saka, Allah ya taimaka ya buɗe. Wani koren layi ya fito a gilashi, ya ce in ya cika to murya ta ƙetare. Na zauna kan benci ina kallon layin nan ina yi masa addu'a, kamar mai jiran naƙudar akuya.

Sai kasuwa ta cika. Wannan ya miƙo waya a zuba masa fim, wancan waƙoƙi, wani wasan ƙwallo. Duk wanda ya zo, mai shago ya jona shi. Layukansu suna fitowa ƙarƙashin nawa, suna gudu suna cika, mai waya ya karɓa ya tafi, wani ya maye gurbinsa. Nawa kuwa ya koma tafiyar hawainiya. Ya matsa kaɗan, ya tsaya ya huta.

Na ce, "Ɗan nan, ba ni na riga su ba?"

Ya ce, "Ke kika riga su, Inna."

"To mi ya sa nasu ke wucewa?"

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Injin ne ke raba layi, ba ni ba. Bai san babba da yaro ba."

Wani mai gyaran injin jirgi, hannu duk baƙin mai, ya leƙo ya ce, "Tsohuwa, hala fim ɗin Indiya kike turawa, mai dogon zango?" Aka kwashe da dariya.

Na ce, "Muryar wanda ya girmi kakanka nake turawa." Ya haɗiye dariyarsa, amma wayarsa bai cire ba.

Na sake roƙo, na ce a dakatar da nasu nawa ya wuce. Mai shago ya ce in ya tsayar da mutane za su koma shagon gaba, in yi haƙuri, ai yana tafiya. Ni kuma ban san abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Na ɗauka injin nan wani sarki ne da ba a yi masa musu. Na koma kan benci.

Rana ta karkata, layina ya ɗan wuce rabi, sai kwamfuta ta yi wani ƙara. Layi ya ɓace. Ya ciro memorin yana zafi kamar an tsamo shi daga toka. Ya hura, ya goge, ya mayar. Shiru. Ya ce, "Allah bai nufa ba, Inna." Ya juye mini abin da ya ƙetare a wani sabon memori, na kama hanyar bakin ruwa.

Sai da jikata ta dawo daga karatu a Yelwa na ji gaskiya, don ita ilimin injin nan ta karanta. Ta ce, "Kaka, a cikin irin wannan kwamfuta akwai faifai, kuma hannu ɗaya ke gare shi na ɗauka da ajiyewa. Kamar mai fito ne da jirgi ɗaya. In jama'a sun yi yawa, akwai mai tsara masa wa zai fara ɗauka. Ba ya bin wanda ya riga zuwa, yakan fi son na kan hanyarsa, don kada ya yi ta kai da komo. Kuma yakan fifita masu ɗibar kaya kan mai kawo ajiya. Su ɗiba suke, ke kuwa ajiya kika kawo."

Na ce, "Ba a iya ce masa tsaya, ga mara lafiya?"

Ta ce, "Ana iyawa. Da ya dakatar da nasu, hannun nan naki ne ke kaɗai. Ban ce lalle da memorin ya kai ba, Kaka. Amma ƙila da ya kai."

Wannan ƙila ita aka hana ni. Ban ga laifin inji ba. Mai fito ma yakan kwashi na kusa don kada ya ƙone mai a banza, kowa ya san haka. Amma duk tafkin nan ba mai fiton da zai ga mace na naƙuda a gaɓa ya ce jirgi ne ke zaɓe. Jirgi ba ya zaɓe. Mai riƙe da shi ke karkata shi. Mai shagon nan ya san memorina na mutuwa, ya san abin da zai danna, sai ya laɓe bayan ƙarfe, ya kuma jingina wa Allah abin da hannunsa ya ƙi yi. Har yau in na ji wani ya ce inji ne ba ni ba, sai zuciyata ta tafasa.

Mai shago yana nan, an ce ya sayi sabuwar kwamfuta mai sauri. Mai gyaran inji ya zo har gida ya ba ni haƙuri da ƙwaryar kifi, na yafe masa. Jikata ta kama aiki, tana gyara wa mutane irin waɗannan injuna. Ɗana yakan tsayar da jirgi inda yake tsammanin makabarta take, ya yi addu'a a kan ruwa, ko ta dace.

Maigidana kuwa yana cikin sabuwar wayata. Nakan kunna shi in na idar da sallar asuba. Ya lissafo gidaje, ya yi tarinsa, ya yi mini tsiyar tuwo. Sai ya ce, "In ka bar masallaci ka miƙe gabas, za ka tarar da tsamiya. To kabarin Innata yana..."

Nan ya tsaya. Ni kuma ina zaune ina jira.